Baffa da Daminar da Jirgi Bai Zo Ba

Ranar sadakar uku ina zaune cikin mata a tsakar gida, sai na jiyo liman ta lasifika yana cewa marigayi mutum ne mai sanyin hali, ba a taɓa jin muryarsa ba. Na ce a raina, Allah ya gafarta Malam, kai a ƙarshe ka san shi. Baffa, surukina, uban mijina, shi ne ba a taɓa jin muryarsa ba? Mutumin da in ya daka tsawa a bakin kogin Jimeta sai masunta a tsallake su ɗago kai?

Mata na ta shigowa da "ya haƙuri, ya haƙuri," kowacce da ɗan abin da ta riƙe nasa. Maƙwabciyarmu ta nan Bekaji ta ce ba za ta manta da tsohon da ke zama ƙofar gida yana korar mata awaki daga kan shanya ba. Goggon yara, ƙanwarsa da ta zo daga cikin Yola, ta share hawaye ta ce, "Hamma ya huta. Da ma tun da ya bar bakin ruwa bai ƙara komawa daidai ba." Ita kaɗai ta taɓo gaskiya, kuma daga nan ta ja bakinta. Sai jikata mai karatu a jami'a ta matso kusa da ni ta ce, "Wai Dada, da gaske ne jirgin ruwa yana zuwa garin nan a da? A wannan yashin?" Ta tuntsire da dariya, ta tuna gidan makoki ne, ta toshe baki. Ban ji haushinta ba, wallahi. Tsoro na ji. Na ga in ni da Goggo muka bi shi, shi ke nan, Baffa ya zama tsohon korar awaki. Shi ya sa na zauna in faɗi abin da na sani.

Shekarar da aka ba mu 'yancin kai aka kawo ni gidansa, lokacin muna can kusa da kogi. Ga waɗanda ba su gani ba, bari in faɗa. Da rani Binuwai yashi ne, yara ma suna tsallake shi da ƙafa. Amma in damina ta yi nisa ya cika ya batse, sai jiragen kamfani su taso tun daga bakin teku suna jan manyan kwale-kwalen ƙarfe. Su kawo gishiri, kananzir, siminti, atamfa da kwanon rufi. Su koma da gyaɗa da auduga da ƙiraga. Duk abin da ƙasar nan ta noma a shekara, cikin 'yan watannin nan yake fita, kuma a kan mutane yake fita, buhu-buhu, daga sito zuwa cikin jirgi. Baffa shi ne helma, wato shugaban 'yan dakon.

Danginsa na cikin Yola malamai ne, ba su taɓa yafe masa wannan sana'ar ba. Wai ɗan gidan allo ya je yana warin gumi da gyaɗa. Wata sallah wani yayansa ya yaɓa masa magana a gaban jama'a, Baffa ya kama hannun babbar rigar mutumin ya murza, ya ce, "Wannan yadin da kake taƙama da shi, a kan wa ya sauko daga jirgi?" Aka yi shekara ba sa gaisawa.

Masifaffe ne, kada wani ya gyara masa hali don ya mutu. Gishiri ya yi yawa a miya, faɗa. Ya yi kaɗan, faɗa. Amma bai taɓa zama ba matuƙar akwai mutum ɗaya da buhu a kansa, kuma bai taɓa sa hannu a akushi ba sai ya zaga ya ga kowa ya ci. Ni kuwa bai taɓa kama sunana ba. "Amarya" yake ce mini, har na yi furfura, har na aurar da jikoki ina Amarya.

'Yan dakonsa ba mutanen gari ba ne. Manoma ne daga ƙauyuka, Bachama, Bata, Chamba, Vere, da Hausawa tsiraru. Ga yadda ake yi. Akwai wani baure a gaɓa mai wata saiwa da ta fito waje. Ranar da ruwa ya taɓa saiwar nan, Baffa zai sayi goro da gishiri, a ƙulla, a aika kowane ƙauye. Wanda ƙullin ya isa hannunsa, ranar zai ajiye fartanya ya kamo hanya, ko da yana tsakiyar maimai, noma na biyu da dawa ba ta rayuwa sai da shi. Ba wanda yake ganin asara a nan, don jiran ba ya daɗewa. Jirgi na zuwa za a yi aiki, mutum ya aika gida a sa 'yan ƙodago su ƙarasa masa gona, har ya koma da zannuwan mata. Sharaɗi ɗaya ne. Daga ranar da suka iso har jirgi ya zo, cinsu yana kan gidan helma. Gidan helma kuwa ni ce da Inna, surukata. Tukwane manya, tuwon dawa, miyar kuɓewa da busasshen kifi. Hannuna har yau da kantar muciyar nan.

A cikinsu akwai wanda muke kira Kawu, ko da yake ba mu haɗa jini ba. Babachame ne, Kirista, daga wani ƙauye bayan Numan. Dogo, ƙaƙƙarfa, ɗan kokawa, ba ya son yawan magana. Shi ne hannun daman Baffa. In Kawu ya ɗauki buhu kowa ya ɗauka, in ya ajiye kowa ya ajiye. Ranar Lahadi Baffa da kansa yake korarsa, "Tashi ka tafi cocinku, kada ka ja mana fushin Allah." Duk zuwa sai ya kawo mini kifi, ya ba ni labarin 'yarsa ƙarama, wadda ya ce ta fi maza iya tuƙa kwale-kwale.

Da aka yi juyin mulki na farko, rediyon maƙwabta muka taru muka ji. Kiɗan badujala, sai wata murya. Gari ya yi tsit don manyan da aka kashe. Baffa ya yi salati, ya yi musu addu'a, ya tashi ya tafi bakin kogi duba katakan da ake bi a hau jirgi. Aka sake yin na biyu, aka yi tashin hankali, mutanen Gabas suka fara tattara kaya. Akawun kamfani ɗan can ne, ya daɗe da Baffa suna faɗa suna shiryawa. Baffa ne ya nemo masa kwale-kwale, ya sa shi da iyalinsa, ya haɗa su da masunta su haura da su Garwa ta ƙasar Kamaru. Ina tsaye da ƙunshin ƙuli-ƙulin da na yi wa yaransa na ji mutumin yana cewa, "Helma, ka nemi wani aiki. Wannan kogi ya mutu." Baffa ya ce masa tsoro ne ke sa shi sambatu. A daminar nan jirage sun zo, ba da yawa ba, amma sun zo, sai Baffa ya ƙara samun abin kafa hujja.

Shekara ta zagayo. Aka raba ƙasa jiha-jiha, aka ce mu yanzu Arewa maso Gabas ne, hedikwatarmu Maiduguri. Ko'ina maganar yaƙi ake. Mijina, lokacin yana ƙaramin akawu a En'e, ya sami ubansa ya durƙusa.

"Baffa, bana kada a aika goro. Hanyar jirgin nan ta inda za a yi yaƙin ta biyo."

"Soja ne ke cika kogi?"

"A'a, amma..."

"Ruwa ya taɓa baure ko bai taɓa ba?"

"Ya taɓa."

"To. Bature da kansa ya naɗe tutarsa ya tafi, jirgi bai fasa zuwa ba. Ga gyaɗar mutane jibge a sito har rufi. Wa zai bar dukiya irin wannan ta lalace? Ko mahaukaci ne ke mulki, yana son kuɗin gyaɗa. Tashi ka ba ni wuri."

Kada ku ce wauta ce. Tun yana saurayi ruwa bai taɓa yi masa ƙarya ba. Rediyo kuwa jiya-jiya ta zo.

Aka aika goro, mutane suka ajiye fartanya suka zo. Suka sare ciyawar gaɓa, suka yanka matakala, suka shimfiɗa katakai, suka ɗinke buhunan da ɓera ya huda. Aiki ya ƙare, sai zama. Ana cikin haka aka ce an fara yaƙi. Kullum da sassafe Baffa zai je ya tsaya a ƙarshen katako, ya kafa ido yamma, ya kasa kunne ko zai ji kukan jirgi. Mu kuma muna tuƙi. Rumbu ya yi ƙasa. Inna ta aika rugar danginta aka sayar da saniyarta aka auno dawa, ba ta ko gaya masa ba. Da farko in 'yan dakon sun ci sukan yi waƙa da kokawa a kan yashin gaɓa. Daga baya sai ka ga ƙarti zaune jugum, kowa na kallon hadari, kowa ya san abin da ruwan nan ke yi wa gonarsa.

Wata rana da azahar na kai akushi zaure, na tarar da Kawu tsugune gaban Baffa. Na ajiye, na ja gefe, don ba a sallame ni ba. Kawu ya yi magana da irin Hausarsa.

"Helma, matata ya aiko. Ciyawa ya cinye dawa. Yarinya kuma ba ya jin daɗi. Ka bar ni in je."

Baffa ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "In ka tafi, wa zai zauna? Kai suke kallo. Kana sa ƙafa kowa zai bi ka. In jirgi ya zo ya tarar da gaɓa ba kowa, kamfani zai ba wani, mun rasa wurin nan har abada, da ni da ku. Ka ba ni zuwa Juma'a."

"To, Helma," in ji Kawu.

Juma'a ta zo ta wuce. Wata ta zo ta wuce. Kawu bai ƙara tambaya ba, Baffa kuma bai ƙara tayar da maganar ba, sai dai na lura ya daina haɗa ido da shi. Suna nan har ruwa ya fara ja da baya, saiwar baure ta fito ta bushe. Ko yaro ya san jirgi ba ya hawowa a ruwan da ke ja. Sai a ranar Baffa ya tara su. Ya raba musu ragowar dawa da gishiri, ya ce su yafe shi, da wata irin murya ƙasa-ƙasa da ban san yana da ita ba. Ba wanda ya zage shi. Da ma sun zage shi, ina ga da ya fi masa sauƙi. Suka kama hanya ɗaya bayan ɗaya, hannu banza, zuwa gonakin da ba abin girbi.

Gyaɗar sito kuwa, ƙwari suka samu. Daga baya aka zo da manyan motoci aka kwashi wadda ta tsira. Manoman da suka noma ta, da kaka ta zagayo, aka ce musu ba a saye sai da arha, tun da ba hanyar fitarwa.

Da bazara yunwa ta shiga ƙauyukan 'yan dakonmu, su kaɗai, maƙwabtansu da suka yi maimai suna da na tuwo. Sai wani masunci ya kawo labari cewa 'yar Kawu ta rasu. Na tambaye shi ciwo ne ko yunwa. Ya ce ciwo ne, amma ya sami jikin da ba abinci. Na shiga ɗaki na yi kuka kamar na san ta, alhali ban taɓa ganinta ba.

Baffa ya nemo buhun dawa, ban san ta yaya ba, ya sa a kwale-kwale ya aika. Kawu ya karɓa, ya aiko da godiya. Amma Baffa bai je gaisuwa ba. Inna ta ce masa, "Ka tashi ka je, mutumin nan ɗan'uwanka ne." Ya daka mata tsawar da kaji suka watse. Ita ce tsawa ta ƙarshe da na ji daga bakinsa. Mutane suna cewa girman kai ne. Ni da nake kai masa abinci ina ɗauko shi yadda na kai, na san kunya ce, irin wadda ke hana mutum ɗaga ƙafa. Na ji haushinsa a lokacin, ba zan ɓoye ba. Kawu bai ƙara taka Jimeta ba.

Yaƙi ya ƙare, jirgi bai dawo yadda yake ba. Aka ce an sami abin da ya fi gyaɗa, man fetur. Sai kuɗi suka cika gari, ba ka san daga ina ba. Ma'aikata suka sami ƙarin albashi, kowa ya sayi babur da rediyo, mudun dawa ya tashi sama. Matasa suka bar gona suka shigo gari. Mu da muke loda gyaɗa zuwa ƙasashen Turawa, sai ga mu muna sayen man girki na gwangwani da aka kawo daga waje. Wanda ya san wani soja ya zama ɗan kwangila, wanda bai san kowa ba ya zama ɗan kallo.

A lokacin ne Baffa da mijina suka yi babban faɗa. An mai da shi Maiduguri, ya san mutane, ya zo da murnarsa. Ana gine-ginen gwamnati, ana neman wanda zai riƙa kawo leburori daga ƙauyuka. Wa ya fi Baffa sanin ƙauyuka?

"Goro kawai za ka aika, Baffa. Har yanzu in ka kira za su zo."

"Na san za su zo. Shi ya sa ba zan kira ba."

"Wannan gwamnati ce, ba kamfani ba. Kuɗin na nan."

"Gwamnatin wa? Ta wanda ke kai yau, ko ta wanda zai yi kiɗa a rediyo gobe? In aka tsayar da aikin, kai ne za ka yi musu maimai?"

Mijina ya fusata ya ce kowa na ci, shi ya zauna yana gadin kogin da ya mutu, ya bar mu cikin talauci don taurin kai. Baffa ya ce, "Bakina ya gama kiran mutane daga gona." Ya juya masa baya. Ni ma a ranar bayan mijina na bi, don ina ganin matan da muka taso tare suna sa gwal. Wani ya karɓi kwangilar, ya gina bene. Ba a jima ba aka sake juyin mulki, ayyuka da yawa suka tsaya cak, amma shi mai benen bai rasa komai ba, leburorin ne suka koma gida ba a sallame su ba. Baffa bai ce "na faɗa muku" ba. Ya ci gaba da ɗinkin buhu a kasuwa, da shi ya ƙarasa ƙarfinsa.

Tun daga nan, duk ranar da aka wayi gari da badujala a rediyo, kuma an sha yi, Baffa ba ya tambayar wa ya hau. Sai ya leƙo ya ce, "Amarya, duba mana hatsi." Yakan ce su can suke harbinsu, amma tukunyar da ke fashewa a nan take. Inna ta rasu, muka ɗauko shi muka dawo Bekaji. Hanyar bakin kogi kuwa, ko a keke aka biyo da shi, sai ya kau da kai.

Daminar bara, ƙafa ta riga ta ƙi, ido ya yi rauni, ya kira ni ya ce, "Amarya, gaya wa mijinki ya nemo mota. Zan je bayan Numan." Ban tambaye shi wurin wa ba. Muka sa shi a gaba, ni ina baya. Duk hanya bakinsa na motsi. Na ɗauka tasbihi yake, sai da na kasa kunne na ji maganar da zai faɗa yake ta maimaitawa, yana gyarawa, kamar ɗan makaranta.

Muka yi tambaya har muka sami gidan. Ɗan Kawu, malamin firamare, ya tarbe mu da mutunci, ya ce sunan Helma ba baƙo ba ne a gidan. Amma ya ja mijina gefe ya ce, "Baba ya ruɗe. Mu ma ba ya gane mu. Mama ta rasu, har yau yana tambaya ko ta dawo daga kasuwa."

Yana zaune a rumfa kan kujerar katako, duk tsawon nan ya lanƙwashe, da wani tsohon tawul a kafaɗa. Muka riƙo Baffa har gabansa. Baffa ya yi sallama.

Kawu ya ɗago kai da sauri. "Helma!"

Ɗansa ya riƙe baki. Kawu ya dafa kujera, ya yunƙura, ya miƙe. Ya jawo tawul ɗin nan daga kafaɗa, ya fara naɗe shi da hannu biyu, yana yin gammo.

"Jirgi ya zo? Ban ga goro ba, Helma. Ba su ba ni ba."

Baffa ya matsa kusa da shi. Ya ce, "Na zo ne a kan maganar yarinya. Yarinyarka."

"Yana nan," in ji Kawu, yana murmushi. "Ya tafi ɗebo ruwa. Yanzu zai zo ya gaishe ka."

Na ga maganar da Baffa ya shirya tun daga Jimeta ta tashi a banza. Wa zai roƙa? Mutumin da zai yafe masa ba ya nan, wanda ke tsaye gabansa jiran umarni yake. Hawaye na bin gemunsa. Ya miƙa hannu ya karɓi gammon, ya warware shi a hankali, ya mayar masa a kafaɗa.

"Bai zo ba," ya ce. "Bana ba zai zo ba. Ka zauna gida ka yi nomanka. Ka kula da yarinya."

"To, Helma," in ji Kawu. Ya koma ya zauna.

Muka iso gida, Baffa bai ƙara tayar da zancen ba har ranar da ya cika. Ban san ko wannan ya isa a wurin Ubangiji ba, ni ba malama ba ce. Abin da na sani, ina tsaye a wurin, na ji da kunnena ya faɗa, ya ba Kawu iznin da ya hana shi a zaure. Ya makara ƙwarai, amma ya faɗa. Ya Allah, Kai ma Ka ji shi. Ka yi masa sassauci, Ka sa ƙasa ta yi masa sauƙi.